Tambaya da Amsa: Yarinyar da Aka Ƙwace wa Suna

A fitowarmu ta baya, cikin magana kan abin da yara ke kallo lokacin hutun makaranta, na ambaci wani katun na Japan mai suna Spirited Away a layi biyu kacal, na ce kusan duk shekara sai na sake zama na kalle shi. Layi biyun nan sun jawo mini saƙonni fiye da duk abin da na rubuta a bana. Na tsinto shida, na taƙaita su, ga su nan da amsoshinsu. Wanda bai ga nasa ba ya yi mini haƙuri, mai yiwuwa ya tarar da amsarsa a cikin ta wani.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Yarana uku sun samo wani katun a Netflix mai suna Spirited Away. Na shigo falo daidai lokacin da uwa da uban yarinyar suka rikiɗe suka koma aladu, sai na karɓe rimot na kashe. Babbar, mai shekara 11, har yau fushi take da ni. Mene ne wannan abu, kuma ya dace in bar su su gani?
Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ban ga laifinki ba ko kaɗan. Duk uwar da ta shigo ta tarar da alade a allon gidanta, ga 'ya'yanta sun zuba ido, dole gabanta ya faɗi. Sai dai kin kashe ne a farko-farkon fim mai tsawon minti 125. Bari in ba ki labarin, sannan ki yanke da kanki.

Yarinyar sunanta Chihiro, shekararta 10. Iyayenta sun tashi daga garin da ta saba za su koma wani, tana kwance a kujerar bayan mota tana ƙunci, rungume da furannin bankwana da aka ba ta. Uban ya ɓata hanya, ya bi wata 'yar burji cikin kurmi, har suka iske wata ƙofa mai dogon lungu da duhu. Ta ce kada a shiga, ba wanda ya saurare ta. A ɗaya gefen suka tarar da gari fayau ba kowa, amma ga rumfunan abinci cike da nama yana tururi. Uwa da uba suka zauna suka hau ci, ba sallama ba izini. Uban har yana ce mata kada ta damu, akwai kuɗi a aljihunsa, akwai katin banki. Ita kaɗai ta ƙi taɓawa, ta ce masu shi za su yi fushi. Abincin kuwa na baƙin wani gidan wanka ne da iskoki ke zuwa hutawa da dare. Aladen da kika gani hukuncin wannan cin ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kamar yadda iyayenmu ke faɗa mana, sai dai a nan babba ne ya yi kwaɗayin, yaro ya ɗauki wahalar.

Daga nan labarin ya koma na sangartacciyar yarinya da ta wayi gari ba uwa ba uba, a wurin da dokarsa ita ce wanda ba ya aiki a mai da shi dabba. Ta je ta roƙi aiki wurin mai gidan wankan, wata tsohuwa mai ƙaton kai da ake kira Yubaba. Aka daka mata tsawa, ta nace, aka sake daka mata, ta sake nacewa, har aka ɗauke ta. Ta koyi goge daɓe, ta koyi wanke baho, ta koyi cewa na gode. Akwai inda wata ma'aikaciya mai suna Lin ta tsawata mata don za ta fita ba ta yi wa tsohon da ya rufa mata asiri godiya ba, ta juyo da sauri ta sunkuyar da kai.

Wurin da nake so ki gani da idonki shi ne daren da wani baƙo ya zo, wari na tashi daga jikinsa har abinci na lalacewa in ya gifta. Kowa ya toshe hanci ya ja baya, aka tura sabuwar yarinya ta yi masa wanka. Tana cikin laka har gwiwa ta lalubo wani abu da ya soke shi a gefe, ta ce kamar ƙaya ce. Aka ɗaura igiya, gidan kaf aka taru ana ja. Sai ga keke ya fito, bayansa tarkacen ƙarfe da gwangwanaye da duk sharar da mutane ke zubawa a ruwa. Ashe baƙon kogi ne da aka cika da bola. Hayao Miyazaki, wanda ya rubuta fim ɗin ya kuma ba da umarni, ya faɗa cewa shi da kansa ya taɓa shiga aikin gayya na share wani kogi, suka jawo keke daga cikin laka. Duk wanda ya taɓa leƙa Jakara a Kano ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan wurin.

Batun aƙida kuwa, gara a faɗe shi a fili. Iskokin da ke cikinsa daga Shinto suka fito, addinin gargajiyar Japan, inda ake ganin kogi da dutse da bishiya kowanne da mai shi. Wannan ba aƙidarmu ba ce, kuma ban ɓoye wa 'yata ba. Na ce mata yadda take jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo ba ta ɗauke ta gaskiya ba, haka za ta kalli wannan, in an gama a ce ƙurunƙus. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba duk da haka, ya bar shi, babu dole. Babu tsiraici a ciki, babu batsa. Amma akwai jini a inda aka ji wa wani rauni, akwai wata baƙar halitta da ta haɗiye ma'aikata uku ta kuma amayar da su, tsohuwar nan kuma tana busa sigari. Mai shekara 11 ki bar ta ta gani, ki zauna kusa da ita. In akwai ɗan ƙasa da shekara 7, a bari sai ya yi barci.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Maraɗi. Mu nan da Le Voyage de Chihiro muka san shi, tun ina ƙarami na gan shi da Faransanci. Ɗan ƙanen babana da ke Katsina yana ce masa Spirited Away, har muka yi gardama ko fim ɗaya ne. Wanne ne sunan gaskiya?
Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ƙanena, fim ɗaya ne, kuma kai da ɗan'uwanka duka sunan aro kuke kira. Sunansa na yanka, wanda ya fito da shi a Japan ranar 20 ga Yulin 2001, shi ne Sen to Chihiro no Kamikakushi. Kalmar ƙarshen nan tsohuwa ce. Kami su ne iskokin da na ambata, kakushi kuma ɓoyewa. A ƙauyukan Japan na da, in yaro ya ɓace ba a ga ko sawunsa ba, sai a ce kami sun ɓoye shi. Mu ma mun san irin maganar, aljanu sun ɗauke shi. Faransawa da suka haska shi a Afrilun 2002 sai suka bar ɓoyewar, suka ce tafiyar Chihiro. Turawan Amurka suka riƙe ɗaukewar, suka zubar da sunan yarinyar. Larabawa suka ce Al-Makhɗufa, wato wadda aka sace. Mutanen Sin suka riƙe sunayen biyu, Sen da Chihiro, suka bar sauran. Kowa ya ɗebi abin da hannunsa zai iya ɗauka.

To me ya kawo suna biyu ga yarinya ɗaya? A nan zuciyar fim ɗin take. Da Yubaba ta yarda za ta ɗauke ta aiki, sai ta miƙa mata takardar yarjejeniya ta ce ta rubuta sunanta. Cikakken sunan, Ogino Chihiro, da alamomin rubutu huɗu ake rubuta shi. Tsohuwa ta duba ta ce wannan suna ya yi wa irinki yawa. Ta ɗaga hannu, uku suka tashi daga takarda suka shige tafinta, ɗaya ta rage. Wadda ta ragen, in tana tare da 'yar'uwarta ana karanta ta Chi, in ita kaɗai ce ana karanta ta Sen, ma'anarta kuma 1000. Chihiro kuwa dubu ce haɗe da hiro, wanda shi ne gaba, awon nan na buɗe hannuwa biyu da muke auna igiya da zurfin rijiya da shi. Iyayenta sun raɗa mata zurfi gaba dubu, uwar ɗakinta ta yanke zurfin ta bar mata lamba.

Na fara ganin fim ɗin a 2006, a irin faifan nan da ake cusa fina-finai da yawa a ciki, rubutun fassarar yana zuwa bayan an gama magana. Ban kama wannan wurin ba a lokacin. Sai a 2020 na kama shi, lokacin kullen korona. Watan Maris na shekarar Netflix ya saka shi, mu kuma ba mu daɗe da tasowa daga Zariya zuwa Kaduna ba, 'yata ta fari tana da shekara 10, ta bar ƙawayenta, ba ta yi wasu ba aka rufe makarantu. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa kaf gidan Ummi muke ce mata. Muka zo inda Haku, wani yaro na gidan wankan da ke taimakonta, ya kai Chihiro bayan lambu, ya mayar mata da tufafinta, ta tarar da katin bankwana a ciki ɗauke da sunanta, ta karanta ta ce au, ai sunana ke nan, har na fara mantawa. Ya ba ta curin shinkafa, tana ci hawaye manya-manya na zuba. Ummi ta juyo ta ce, "Baba, ni ma in aka daɗe ana ce mini Ummi zan manta nawa?" Na ce mata a'a, domin ita an sakaya nata ne don girmamawa, kuma duk wanda ke kiranta Ummi ya san abin da ke ƙarƙashi.

Amma daren nan na kasa barci da wuri, don na tuna wata yarinya da aka kawo daga ƙauye aikatau a wani gida kusa da namu ina yaro. Sunanta ya zo ɗaya da na 'yar masu gidan, sai aka sauya mata a ranar da ta zo. Shekara uku ta yi a unguwarmu, muna ɗiban ruwa a famfo ɗaya, kuma har ta tafi ban taɓa tambayarta sunan da uwarta ke kiranta da shi ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, wani abokin aikina ya ce fim ɗin ya ci Oscar amma mai shi ya ƙi zuwa karɓa, har ma wai sun taɓa aika wa Amurkawa takobi. Gaskiya ne ko ƙari? Kuma yaya aka yi katun na Japan ya kai can?
Daga wani tela a Sabon Zongo, Akara.

Amsa: Maigida, abokin aikinka bai yi ƙari ba, sai dai ya haɗa labari biyu wuri ɗaya. Takobin ya riga fim ɗin, kuma tushensa ya fi nisa.

A 1984 Miyazaki ya yi wani fim mai suna Nausicaä. Wani kamfanin Amurka ya sayi izinin nuna shi, ya fito da shi a 1985 bayan ya yanke fiye da minti 20, ya sauya masa suna zuwa Warriors of the Wind, ya sauya wa jarumar suna zuwa Zandra, ya kuma zana wasu maza a bangon kaset ɗin waɗanda ba su ma cikin fim ɗin. Abin ya yi wa Miyazaki ciwo ƙwarai. Daga nan kamfaninsu, Studio Ghibli, ya kafa sharaɗi: duk mai son fim ɗinsu a waje ya ɗauke shi yadda yake, ba a yanke ko daƙiƙa. Da wannan sharaɗi aka ƙulla yarjejeniya da Disney a 1996. Da aka zo kan Princess Mononoke na 1997, Harvey Weinstein na kamfanin Miramax, wanda a lokacin ke ƙarƙashin Disney, ya so a rage tsawonsa. Sai furodusan Ghibli, Toshio Suzuki, ya ba shi kyautar takobin Japan da saƙon cewa ba yanka. Fim ɗin ya fito a Amurka a 1999 da tsawonsa cif.

Shi kuwa na Chihiro, a gida ya fara yin abin mamaki. Ya tara yen (kuɗin Japan) biliyan 30.4 a fitowar farko, ya ture Titanic daga matsayin fim ɗin da ya fi kowanne kawo kuɗi a tarihin Japan. Mutum fiye da miliyan 23 suka sayi tikiti. Da aka sake haska shi a shekarun baya kuɗin ya kai biliyan 31.68, kuma bai sauka daga kujerar ba sai a Disambar 2020, da Demon Slayer ya wuce shi. A Fabrairun 2002 ya je bikin fina-finai na birnin Balin a Jamus ya ɗauko babbar lambar, Beyar Zinariya, wadda ya raba da Bloody Sunday. Zanen hannu ya zauna kafaɗa da kafaɗa da fim ɗin 'yan wasa na gaske, a bikin da ba na yara ba.

A Amurka kuwa da ɗingishi ya shiga. John Lasseter na kamfanin Pixar, wanda ya daɗe yana ganin girman Miyazaki, shi ya tsaya masa, ya kula da aikin ɗora muryoyin Ingilishi. Aka fito da shi ranar 20 ga Satumbar 2002 a gidajen silima 'yan kaɗan, talla ba yawa. Ranar 23 ga Maris 2003 ya ci Oscar na fim ɗin zane, shekara ta biyu ke nan da ƙirƙiro wannan rukuni, sannan aka faɗaɗa shi zuwa gidaje fiye da 700. Duk da haka abin da ya tara a can wajen dala miliyan 10 ne, ɗan kaɗan in aka gwada da na gida. A faifai da talabijin ya yi sunansa a hankali.

Rashin zuwan Miyazaki gaskiya ne. Kwana uku kafin bikin Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Iraƙi. Bai yi surutu a lokacin ba, sai bayan shekaru ya faɗa wa 'yan jarida cewa bai so ya ziyarci ƙasar da ke jefa wa Iraƙi bam. An haife shi a Tokyo a 1941, yana ɗan shekara 4 ya ga garin da suke zaune yana ci da wuta daga sama. Ni kam ina ganin girmansa a kan wannan fiye da lambar.

Tambaya: Alhaji, ina zuwa Guangzhou sarin kaya. A 2019 na ga hotunan yarinyar nan a gidajen silima kamar sabon fim, alhali na san tsoho ne. Me ya faru?
Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Alhaji, idonka bai yaudare ka ba. Ranar 21 ga Yunin 2019 aka fara haska shi a hukumance a gidajen silima na Sin, shekara 18 bayan fitowarsa. Gwamnatin can tana ƙayyade yawan fina-finan waje da ke shiga duk shekara, ga kuma tsamin dangantaka da ke tasowa lokaci-lokaci tsakaninta da Japan. Sai a Disambar 2018 aka buɗe wa Ghibli ƙofa da My Neighbor Totoro, wanda shi ya ma fi tsufa, na 1988 ne. Abin da ya burge ni shi ne ranar da na Chihiro ya fito ita ce ranar da Toy Story 4 ya fito, sabo fil, amma a ƙarshen makon farko tsohon ya ninka sabon fiye da sau biyu. Da yawan waɗanda suka cika kujerun sun riga sun gan shi suna yara a faifan bayan fage. Sun san labarin tsaf, suka biya kuɗi don su gan shi a babban allo.

Tambaya: Malam, kalmar Ghibli ta yi mini kama da wata da nake ji a bakin direbobin da ke zuwa Libiya. Akwai alaƙa?
Daga wani makanike a Agadas.

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kunnenka ya ji daidai. Gibli ita ce zazzafar iskar nan mai ƙura da ke tasowa daga Sahara ta bugi Libiya daga kudu, asalin kalmar kuma ɗaya ne da alƙibla da muke faɗa kullum. Italiyawa da suka mulki Libiya suka ɗauke ta, suka raɗa wa wani jirgin samansu na leƙen sahara, ƙirar kamfanin Caproni. Miyazaki masoyin jiragen sama ne tun yana yaro, danginsa sana'ar ƙera kayan jirgi suke yi. Da shi da Isao Takahata da Toshio Suzuki suka kafa kamfaninsu a 1985, sai ya zaɓi sunan, da fatan su busa sabuwar iska cikin sana'ar zane a Japan. A bakin mutanen Japan kalmar ta koma Jiburi. Iskar da ke cika muku injin mota da yashi ita ce a rubuce a farkon kowane fim nasu.

Tambaya: Yaya, ni sana'ata ɗora murya, muna fassara fina-finan Indiya da na Sin zuwa Hausa. Tun da na karanta rubutunka nake tunanin wannan fim. In da za a yi shi da Hausa, me za ka ce a kiyaye?
Daga wani matashi a Fagge, Kano.

Amsa: Ƙanena, tambayarka ce ta fi daɗa mini rai, shi ya sa na ajiye ta ƙarshe. Lokacin da Netflix ya karɓi fina-finan Ghibli 21 a 2020, don nunawa a ko'ina ban da Amurka da Kanada da Japan, ya ce za a sa rubutun fassara cikin harsuna 28. Na buɗe jerin da ke allona na bi shi daga sama har ƙasa, ban ga Hausa ba, kuma na ji zafin haka. Ina so in ji Chihiro tana cewa don Allah a ba ni aiki da bakin 'yar Kano. Amma ka fara sanin cewa fim ɗin da masu shi, kuma ka ji irin tsayuwarsu a kan kayansu. Ta ƙofar izini ake shiga, kada ka bi ta katanga.

Sunayen za su yi maka daɗin aiki, don kusan kowanne da ma'anarsa. Yubaba tsohuwar ruwan zafi ke nan, yu ruwan zafi, baba tsohuwa, kuma dace ne kawai ya sa ya yi kama da yadda muke kiran dattijuwa. Kamaji, mai hannu shida da ke hura wutar gidan, tsohon tukunya ne. Kaonashi, baƙar halittar nan mai farin abin rufe fuska, Marar Fuska ne kai tsaye. Ka bar su da sunayensu na asali, ka sa wani ya faɗi ma'anar sau ɗaya a inda ya dace. Kalmar da za ta ba ka wuya ita ce kami. Kada ka kuskura ka kusantar da ita ga sunan Ubangiji. A ganina iskoki ta fi aljanu dacewa, don ta fi kusa da abin da ke zaune a kogi da kuka da tsamiya a tatsuniyoyinmu.

Ka kuma duba abin da masu Ingilishi suka yi, akwai darasi a ciki. Ba su yanke komai ba, sharaɗi ya hana, amma sun ƙara magana a inda bakin mai magana ba ya fuskantar allo. Da Chihiro ta fara hango ginin, a na Japan shiru ta yi, don duk ɗan Japan ya ga tuta da bututun hayaƙin ya san gidan wanka ne. A na Ingilishi sai aka sa ta faɗa da baki. Wannan na yarda da shi, kai ma za ka buƙace shi, don ɗan Fagge bai san gidan wankan Japan ba. Amma akwai inda ta ɗaga kai ta hango wani farin macijin sama yana wucewa, aka sa mata a baki cewa Haku ne, alhali a na asali an bar mai kallo ya gano da kansa daga baya. A ƙarshe kuma, suna cikin mota za su tafi, aka ƙara uban yana cewa sabon gida da sabuwar makaranta akwai ban tsoro, ita kuma ta amsa cewa za ta iya. A na Japan babu wannan musayar. Mota ce kawai ke tafiya, bayan an nuna ɗan madaurin gashin da aka saƙa mata yana ƙyalli a kanta. Waɗannan biyun ban so su ba. An tauna wa mai kallo abin da haƙoransa za su iya.

A nan nake jin tsoron sana'arku, kuma da ƙauna nake faɗa, don ni ma ina kallon aikinku ina dariya. Kun saba in jarumi ya yi shiru ku cike wurin da barkwanci ko kirari ko habaici, kuma a fim ɗin faɗa da rawa hakan na tafiya. A wannan ba zai tafi ba. Wani mai sharhin fina-finai na Amurka, Roger Ebert, ya tambayi Miyazaki a 2002 game da wuraren da ba abin da ke faruwa a fina-finansa. Sai ya tafa hannu sau da yawa, ya ce tazarar da ke tsakanin tafi da tafi suna kiranta da sunan "ma" a harshensu, kuma da gangan yake barin ta, don in aka yi ta gudu ba numfashi mai kallo sai ya dushe.

Ga inda za a gwada ka. Wajen ƙarshe Chihiro za ta je roƙa wa Haku gafara wurin Zeniba, 'yar tagwayen Yubaba. Kamaji ya tono mata tikitin jirgin ƙasa da ya ajiye shekara 40, ya ce ta sauka a tasha ta shida, ya kuma gargaɗe ta cewa a da jirgin na dawowa, yanzu tafiya kawai yake. An yi ruwa, ƙasar duk ta zama teku, layin dogo na ƙarƙashin ruwa kaɗan. Ta cire takalmi ta taka zuwa tasha. Ta shiga ta zauna, Marar Fuska ya tsaya yana ɗari-ɗari, ta ce masa ya zo ya zauna, ya natsu. Wannan fa shi ne wanda ya watsa mata zinariya ta ce ba ta so, ya kuma bi ta da gudu zai cinye ta. Sauran fasinjojin inuwoyi ne, da jakunkunansu, suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Ta taga ana ganin gida ɗaya tilo a kan ɗan tsibiri da shanya a waje, can kuma wata inuwar yarinya tsaye a tasha tana bin jirgin da kallo. Rana ta faɗi, fitilu suka kama, fuskar Chihiro ta bayyana a gilashi. Mintuna ana tafiya ba mai cewa uffan, sai piyanon Joe Hisaishi, mai kiɗan fim ɗin, a hankali.

Ranar da muka kalla da Ummi, ƙanenta ya buɗe baki zai tambayi ina za su, ta ɗora masa hannu a gwiwa ba ta ko dube shi ba, ya yi shiru har jirgin ya tsaya. In ka zo wannan wurin a situdiyo, ka kashe makirufo, ka jingina da kujera, ka jira sai sun sauka a tasha ta shida.